Wayar Da Masu Ita Suka Sake Ta: Labarin Android KitKat

 Ga wata mas'ala wadda ta sami mutane da dama a ƙasarmu, amma kaɗan ne suka san tushenta.

Mutum yana da wayarsa ta shafa, ba ta faɗa ruwa ba, gilashinta bai fashe ba, baturinta yana riƙe wuta. Rana ɗaya ya wayi gari WhatsApp ya ƙi buɗewa, ko kuwa manhajar banki ta ce ba ta san wannan waya ba. Sai ya tuhumi mai caji, ya tuhumi mai gyara, ya tuhumi kamfanin layi, alhali kuwa duk cikinsu ba mai laifi. Hukunci ne aka yanke a wata ƙasa mai nisa, aka ƙayyade masa rana, ranar kuwa ta zo. Domin a gane yadda wannan ke faruwa, za mu ba da labarin wata manhaja guda, wadda ake kira Android KitKat, tun daga haihuwarta har zuwa sallamarta.

Fasali na farko: abin da ake nufi da uwar manhaja

Ku sani, wayar zamani abu biyu ce. Akwai gangar jiki, watau gilashi da baturi da ƙananan ƙarafan da ke ciki, wadda ido ke gani, hannu ke taɓawa. Akwai kuma rubutaccen umurni wanda ke tafiyar da jikin nan, shi ake kira manhaja. Manhajoji kuwa ba darajarsu ɗaya ba. Akwai ƙanana, irin su WhatsApp da Facebook da ta banki, akwai kuma babba guda ɗaya wadda duk sauran ke zaune a kanta. Ita ce za mu kira uwar manhaja.

Misalinta kamar sarkin kasuwa ne. Shi ke raba rumfuna, shi ke cewa wane ya zauna nan, wane ya zauna can, shi ke sa masu gadi da dare. Ƙananan manhajoji su ne 'yan kasuwa. Ɗan kasuwa kome yawan hajarsa ba ya iya baje ta sai an ba shi wuri, in kuwa kasuwa ta rasa mai gadi, masu dukiya su ne farkon tashi.

Yawancin wayoyin shafa da ke hannun mutanenmu, Tecno ne ko itel ko Infinix ko Samsung, uwar manhajarsu ɗaya ce, sunanta Android. Wasu mutane ne suka kafa kamfaninta a Amurka cikin 2003, kamfanin Google ya saye shi cikin 2005, wayar farko mai ɗauke da ita ta fito kasuwa cikin 2008. Tun daga sa'an nan kusan kowace shekara sai an fitar da sabon zubi, a ba shi lamba, a kuma raɗa masa sunan wani abin zaƙi na Turawa bisa jerin haruffansu. Ba su bar wannan al'ada ta sanar da sunan zaƙi ba sai cikin 2019, sa'ad da suka koma ga lamba kaɗai.

Fasali na biyu: haihuwarta

Ranar 31 ga Oktoba 2013, watau ƙarshen watan Zulhajji na 1434, lokacin da manomanmu ke tsakiyar aikin kaka, kamfanin Google ya fitar da zubi mai lamba 4.4. Da yake jerin haruffa ya iso kan harafin K, sai suka yi yarjejeniya da kamfanin Nestlé suka ari sunan wata alewar cakulan tasa, suka ce KitKat. Wayar da aka fara nuna ta a ciki ita ce Nexus 5, wadda kamfanin LG na ƙasar Koriya ta Kudu ya ƙera.

Abin da ya sa labarinta ya shafe mu fiye da na 'yan'uwanta shi ne niyyar da aka gina ta a kai. A cikin kowace waya akwai wuri biyu na ajiya. Ɗaya kamar gafaka yake, inda ake adana hotuna da sauti har sai an neme su. Ɗayan kuwa kamar allo yake, inda ake ɗora abin da ake aiki da shi a wannan sa'a, in an gama a wanke a ɗora wani. Waya mai tsada allonta faffaɗa ne, mai araha kuwa nata ɗan ƙarami. Zubin da suka gabaci KitKat sun yi ta ƙara nauyi, har wayar talaka ta kasa ɗaukarsu, sai masu ƙera wayoyi masu araha suka dinga cusa musu wani tsohon zubi na 2010 mai suna Gingerbread. Ganin haka injiniyoyin Google suka zauna suka rage wa sabon zubin nauyi, har ya iya tafiya a kan allo mai faɗin megabayit 512 kacal. Da bakinsu suka faɗa cewa nufinsu shi ne su kai Android ga ƙarin mutum biliyan ɗaya waɗanda ba su shigo ba tukuna.

To, mutanen nan da ake nufi, mu ne da ire-irenmu, a Afirka da Indiya da sauran ƙasashen da kuɗi ke wuya.

Fasali na uku: isowarta gare mu

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya cikin Agusta 2001, amma shekaru da dama abin da ke hannun mutanen karkara shi ne ƙaramar Nokia mai maɓallai da tocila a ka. Wayar shafa kuwa ta manyan ma'aikata ce da attajirai. Abu biyu ne suka haɗu suka sauko da ita ƙasa. Na farko, kamfanonin ƙasar Sin, musamman Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da itel da Infinix, sun gane halin kasuwarmu, suka ƙera waya mai cin layi biyu, mai daɗewa da caji, mai sauƙin kuɗi. Na biyu, ga uwar manhaja mara nauyi wadda irin wannan waya za ta iya ɗauka.

Cikin 2014 da 2015 wayoyi masu KitKat suka yawaita a kasuwar waya ta Ikeja a Ikko da ta Farm Centre a Kano, daga nan 'yan sari suka kwaso su zuwa Dutse da Birnin Kudu, har teburan masu waya a kasuwannin ƙauye irin su Sara. Mutane da yawa a kan irinta suka fara sanin intanet. Wanda bai iya boko ba ya tarar yana iya danna wuri guda ya yi magana, muryarsa ta isa ga ɗansa mai ci-rani a Fatakwal. Mai hatsi ya ji farashin Dawanau kafin ya ɗora buhu a mota. Mai dabba ya aika hoton sa ga dillali tun sa yana turke. Ɗalibi ya tara karatun malamai a ɗan katin memori wanda bai kai farce girma ba. Duk wannan alheri ne, ba mai musunsa.

Amma akwai wani abu da mai sayarwa bai faɗa ba, watakila shi ma bai sani ba. In Google ya fitar da sabon zubi, ba kai tsaye yake zuwa wayarka ba. Sai kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar ya daidaita shi da ƙarfensa, kana kamfanin da ya haɗa wayar shi ma ya daidaita shi da tasa, sa'an nan a aiko maka. Kowane mataki kuɗi ne da ma'aikata. Wayar da ribarta 'yar kaɗan ce, ba safai ake yi mata wannan wahala ba. Saboda haka da zubi na 5.0, mai suna Lollipop, ya fito cikin Nuwamba 2014, wayoyi masu tsada suka ci gaba, mafi yawan masu araha kuwa suka tsaya inda aka haife su. Da KitKat suka zo, da ita za su mutu.

Fasali na huɗu: sallamarta

Ba a sallamar uwar manhaja rana ɗaya. A hankali ake zare hannu, kamar yadda kasuwa ke mutuwa in an sauya hanyar mota.

Abin da ake fara janyewa shi ne gadi. Kowace manhaja, kome gwanintar marubutanta, akwai tsaga a cikinta wadda ba a gani sai daga baya. Ɓarayin zamani aikinsu ke nan, neman tsagar nan, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muddin masu manhaja suna kula da ita, duk tsagar da aka gano sai su aiko da faci. Ran da suka daina, bango ya zauna a buɗe, kuma labarin tsagar yana nan a rubuce ga duk mai son karantawa. KitKat ta rasa wannan faci shekaru kaɗan bayan fitowarta, mai waya kuwa bai ga wata alama ba, domin waya tana kunnuwa kamar kullum.

Bayan gadi sai 'yan kasuwa su fara kwashe kayansu ɗaya ɗaya. Mai rubuta ƙaramar manhaja yana son ya yi amfani da sababbin dabarun da ke cikin sabon zubi, riƙon tsohon kuwa yana ɗaure masa ƙafa. Bankuna su ne suka fi saurin tashi, kuma ba a ga laifinsu ba, tun da amanar dukiyar mutane ke wuyansu.

Daga ƙarshe sai sanarwa. Cikin Yuli 2023 Google ya ba da labari cewa daga watan Agusta ba zai ƙara sabunta hidimominsa na Google Play a kan KitKat ba, dalilinsa kuwa shi ne wayoyin da suka rage a kanta ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Kana WhatsApp ya sa ranar 24 ga Oktoba 2023, cikin Rabi'u Sani na 1445, ya ce daga ran nan sai waya mai zubi na 5.0 ko sama da haka. Wanda ya ƙidaya zai ga tsakanin haihuwa da wannan rana shekara goma ce ba kwana bakwai. Da kaka ta zo, da kaka aka sallame ta.

Kada a zaci ita kaɗai aka yi wa haka. Nokia ta juya wa uwar manhajarta Symbian baya cikin 2011, WhatsApp ya bar ta ƙarshen Yuni 2017. Ya bar BlackBerry ƙarshen 2017, wayar da a dā samarin birni ke alfahari da ita, kana kamfanin BlackBerry da kansa ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa ranar 4 ga Janairu 2022. Ya bar ƙananan Nokia masu zubin S40 ƙarshen 2018, ya bar Windows Phone ƙarshen 2019. Ita ma Lollipop, wadda ta gaji KitKat, Google ya janye mata hidimomin nan cikin 2024. Layi ne ake bi, kowace da ranarta.

Fasali na biyar: wa ya ɗauki nauyin

Yanzu mu yi ɗan hisabi a kan kashi ɗayan nan da aka raina. Cikin 2021 Google ya faɗa cewa na'urori masu Android da ke aiki a duniya sun haura biliyan 3. Kashi 1 cikin 100 na biliyan 3 shi ne miliyan 30. Sun ce ba ta kai kashi ɗaya ba, to mu ɗauki rabinsa, miliyan 15 ke nan. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Jigawa mutum miliyan 4 da 'yan kai. Ashe abin da ya zama ƙura a littafin kamfani ya ninka jama'ar jiharmu ta wancan lokaci sau uku. Kuma hankali ya isa ya nuna cewa wanda ke riƙe da waya mai shekara takwas ko tara ba mai wadata ba ne. Wanda aka gina KitKat dominsa tun farko, shi ne ya rage a kanta a ƙarshe.

Shekarar da abin ya faɗo kuwa ba mai sauƙi ba ce. Farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun kuɗi, sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, har mai sayen gero da mai sayar da akuya suka koma neman wanda zai tura musu kuɗi ta waya. Ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur, cikin Yuni aka saki darajar naira, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo, waya tana cikinsu. Watau a lokacin da waya ta tashi daga abin ado ta zama kayan sana'a, a lokacin ne tsohuwar ta kasa, sabuwar kuma ta fi ƙarfin aljihu.

Adalci ne a faɗi hujjar kamfanoni. Ba mai iya gadin kasuwa goma sha biyu da ma'aikatan kasuwa ɗaya, kuma shekara goma ba kaɗan ba ce a wannan sana'a. Amma abin lura shi ne tsawon ran waya ba ƙaddarar ƙarfe ba ce kaɗai, shawara ce da mutane ke yankewa, ana kuwa iya sa su sauya ta. A cikin watan Oktoban nan na 2023 Google ya fitar da wayarsa Pixel 8 da alkawarin sabuntawa na shekara bakwai, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 cikin Janairu 2024. Tarayyar Turai ta kafa doka, wadda ta fara aiki ranar 20 ga Yuni 2025, cewa wayar da za a sayar a ƙasashenta lalle a ci gaba da sabunta uwar manhajarta aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da irinta. Nijeriya tana cikin manyan kasuwannin waya na Afirka. In mahukuntanmu, da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa wadda ke ba da izinin shigo da kowane irin waya, suka nemi a rubuta wa mai saye shekarun da za a kula da wayarsa a jikin kwali, ba su roƙi abin da ya wuce haƙƙi ba.

Fasali na shida: abin da ya kamata mai waya ya yi

Kafin manya su motsa, ga abin da ke hannunmu.

Na farko, kowa ya san lambar wayarsa. A shiga setin, a gangara zuwa wurin bayanin waya, a nan za a ga lambar Android. Wanda bai iya ba ya sa yaro ya duba masa, tambaya ba ta rage girma. Ga wata ƙa'ida mai sauƙi ta sanin shekaru: daga zubi na 10 zuwa na 16, a ƙara 9 a kan lambar, sai ta ba da shekarar fitowa. Na 10 ya fito 2019, na 13 ya fito 2022, na 16 ya fito 2025. Duk lambar da ba ta kai 10 ba, ta girmi 2019.

Na biyu, mai sayen waya ta gwanjo kada kyawun gilashi ya ruɗe shi. Mai sayen doki haƙori yake dubawa, lambar nan ita ce haƙorin waya. Ya sa a buɗe masa ita a gabansa, ya sa a sauke manhajar da yake bukata a gwada kafin ya miƙa kuɗi. Araha ba ta ado.

Na uku, magana ga 'yan'uwanmu masu teburin waya. Wayar da aka san an janye mata hidima, aibi ne a jikinta, ko da ido ba ya ganinsa. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san hukuncin ɓoye aibin haja. A faɗa wa mai saye gaskiya, cewa wannan ta kira ce da sauraro, ba ta WhatsApp da banki ba, a sayar masa a kan farashin da ya dace da haka. Mai sana'a a ƙauye da amincinsa yake ci, gama wanda ka cuta ran kasuwar nan, shi za ka gani ran ta gaba.

Na huɗu, wanda ke da tsohuwar a hannu ba sai ya jefar ba, da tsohuwar zuma ake magani. Tana kira, tana karɓar saƙo, tana kama rediyo, tana karanta abin da ke katin memori, tana haska hanya da dare. Har tura kuɗi ta gajerun lambobin nan masu farawa da tauraro tana yi, domin wannan ta hanyar layi yake bi, ba ruwansa da intanet. Abin da za a kiyaye shi ne kada a karɓi manhaja daga hannun kowa ana cewa wai ita ce WhatsApp mai aiki a tsohuwar waya. Irin waɗannan ba daga masu shi suke ba, akan rufe lambar mai amfani da su, kuma ta cikinsu ɓarawo ke shiga gida. Kada kuma a ajiye lambar sirri ta banki a cikin waya kowace iri ce. In za a sayar ko a bayar, a cire layi da memori, a sa a goge ta sarai.

Na biyar, shi ne mafi girma. Zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ke cikin waya a filin wani yake zaune, mai fili kuwa yana iya tashinka ba tare da ya san sunanka ba. Zanen shanun da mutanen dā suka yi a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu ya shekara ɗaruruwa, har yau mai ido yana ganinsa, domin ba ya jiran izinin kowa. Saboda haka duk abin da rashinsa zai jawo asara ko husuma, kamar lissafin bashi, da iyakar gona, da shaidar ciniki, da lambobin dangi da abokan hulɗa, a sa shi a takarda da tawada, da ajami ko da boko, a adana a akwati. Hotuna da sautin da ake ƙauna kuwa a kwafe su a memori na biyu tun waya tana da lafiya.

Wanda wayarsa ke kan zubi na 8 ko na 9 kada ya yi wa mai KitKat dariya, layin da aka bi da ita shi ake bi da tasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya fara tanadi kaɗan kaɗan tun daga wannan kaka, domin ran da sanarwa ta zo ta same shi a shirye.

Allah ya kiyaye mana dukiyarmu, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba shugabanni ikon duba na ƙasa. Haza wasalam.